DAMINA ƊAYA

Shafi na 14

Bayan la'asar ne, hadari ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin, iska ta ɗauke cak. Irin zafin nan na Njamena da ke zuwa gab da saukar ruwa, wanda ko a zaune kake sai gumi ya bi bayanka.

Junaid ya jingina kekensa a zaure, ya bar jakar littattafansa ɗaure a baya, ya shigo tsakar gida a hankali.

Daga unguwar Farsha yake, daga makarantar injiniyoyi. Tun daga wajen mayanka har ya shigo unguwarsu ta Marjandafak yake maimaita abin da zai faɗa wa mahaifinsa, don kada bakinsa ya yi rawa.

Labarin dai ba ɓoyayye ba ne a gidan. Aji na biyu ne ya kayar da shi. Goma ake nema bisa ashirin, shi bakwai ya samu. Ya koma ratrapaj, jarrabawar nan da ake sake ba wanda ya faɗi, nan ma bai kai ba. Makaranta ta ce dama ɗaya ta rage masa: ya maimaita ajin, in ya sake faɗuwa kuma sai ƙofa.

Mahaifinsa, Malam Rufa'i, yana zaune kan tabarma a ƙofar ɗakin kakar Junaid, Iya Talatu. Butar shayi na kan gawayi a gabansa. Mutumin da bai taɓa rufe shago kafin magariba ba, ga shi a gida da rana tsaka. Junaid ya san zaman nasa ake yi.

Iya Talatu na daga bakin ƙofa tana ɓarar gyaɗa a faifai.

Duk gidan an yi masa bulo da siminti tun da daɗewa, ban da ɗakin nan nata. Na ƙasa ne, kamar yadda mijinta ya gina shi. Bana bangon gabas ya tsage har ana hango haske, Malam Rufa'i ya sayo siminti ya jibge a zaure, amma ta ce ba a ɗakinta ba. Ita a wurinta har yau matafiya ne. Makka suka nufa da ƙafa ita da mijinta, a nan suka yada zango, kuma mai zango ba ya ginin da zai fi shi daɗewa. Haka tsofaffin unguwar da yawa suka rayu, ita ce dai ta rage.

Ta ɗago ta dube shi.

"Maigida, yau ma hannu rabbana za ka shigo mini? Wata rana sai na kai ƙararka wurin alƙali."

Da a wata rana ce, da ya ce mata babu alƙalin da zai saurari mace mai haƙori biyu. Yau gaishe ta kawai ya yi, ya durƙusa ya gaida mahaifinsa.

Sunan kakansa aka sa masa, Malam Junaidu. Shi ya sa Iya ke ce masa Maigida, mahaifinsa kuma ke ce masa Babana. A gidan nan ba mai kama sunan.

"Babana, zauna."

Ya zauna a gefen tabarma.

Malam Rufa'i ya zuba shayi a finjali ya miƙa masa da hannunsa, abin da bai saba yi ba. Sannan ya fara magana, ba faɗa, ba ɗaga murya. Ya ce ya ga yadda ya rame. Ya ce yana jin motsinsa yana karatu har idonsa ya koma ja, kuma ba wanda zai ce bai yi ƙoƙari ba. Amma kowa na maganar fetur ɗin kudu da aikin da zai kawo, to masu fetur ba za su ɗauki mai bakwai ba.

Ya ce ya yi magana da Alhaji Abdussamad, ɗan kasuwar nan da ya zo daga Maiduguri. Motarsa ta fata da kanwa za ta tashi gobe bayan asuba, ta haye Kusuri ta nufi Gamboru. Alhaji na neman yaro mai amana, wanda ya iya lissafi, ya iya magana da 'yan duwan, wato kwastan, a bakin iyaka.

"Ban ce ka bari ba, Babana. Hutawa za ka yi, kanka ya huce, ka ga duniya. Damina ɗaya ce. In ta wuce ka koma karatunka."

Junaid ya ajiye finjalin. Wani sanyi ya ji a ƙirjinsa, don abin da ya sha wahalar shiryawa a hanya, ga shi an sauke masa.

"Na yarda, Baba. Dama abin da na zo faɗa ke nan."

Da ya fara kuma sai maganar ta ƙi tsayawa. Ya ce shi da Larabci ya yi bak ɗinsa, jarrabawar gama sakandare, can kuwa komai da Faransanci ake yi, kafin ya gama fahimtar tambaya wasu sun cika rabin takarda. Ya ce amma ba zai ɗora wa harshe duka ba. Darasin nan na ƙarfin ƙarfe da kankare, wanda ake auna nauyin da ginshiƙi zai iya ɗauka, ko da Hausa aka yi masa shi ba ya jin zai shiga. Yau da ya je makaranta, yaran da suka shigo a bayansa, waɗanda shi ya nuna musu ɗakin zane, su ne za su zama abokan zamansa. Ɗaya har ya tashi ya ba shi kujera.

"Kujerar nan ta fi bakwai ɗin ciwo, Baba."

Malam Rufa'i ya gyaɗa kai. "Kalas, shi ke nan. Ka haɗa kayanka."

A nan ne suka lura ƙarar ɓarar gyaɗa ta tsaya.

Iya Talatu ba ta kama sunan ɗanta, ɗan fari ne. Ta ce, "Kai, mai shago."

"Na'am, Iya."

"Damina nawa ka ce?"

"Ɗaya, Iya."

"Sake faɗa in ji."

Ya yi ɗan murmushi, ya ɗauka matsalar kunne ce. Ya ɗaga murya kaɗan ya ce damina ɗaya, in ta wuce yaro ya koma.

Ta ture faifan gefe. Ta daɗe tana kallonsa.

"Har muryar," in ji ta. "Har yadda ka karkata kai."

Ba wanda ya gane. Ta tambayi Junaid abin da aka faɗa masa game da zaman kakansa a garin nan.

To, wannan labari ko yaron goye a gidan ya san shi. Malam Junaidu ya taso daga Haɗeja da amaryarsa cikin ayarin masu zuwa hajji da ƙafa. Da suka iso nan, lokacin ana ce wa garin Fallomi, kurkunu ya kama ƙafarsa, ayari ya wuce ya bar su. Ciwo ne ya tsare shi har Allah ya karɓi abinsa.

Junaid ya faɗa kamar yadda ya haddace.

Iya ta ce, "Kurkunu ya fita kafin a yi girbi."

Malam Rufa'i ya ɗago.

"Ni na naɗe shi a tsinke da hannuna, kaɗan kaɗan, har ya fita duka. Ƙafa ta warke sarai. Da ita ya riƙa zuwa Gawi sayo tukwane yana kawowa kasuwa, ya je ya dawo a yini guda."

"Iya..."

"Bari in gama, ban saba faɗa ba."

Ta ce da kaka ta yi wani ayari ya iso, mutanen Katagum, suka kwana a unguwar nan. Ta ɗaure kayanta tsaf. Malam ya ce a'a, guzuri ya yi ƙasa, ga ciniki ya fara buɗewa, a bari damina ɗaya ta wuce. Da ta wuce ya ce a bari ta haihu. Ta haihu, ya ce a bari a yaye. Aka yaye, ya ce hanya ba lafiya bana. Daga nan ya ce ɗakin ciyawa na yoyo, bari ya ɗan ta da na ƙasa kafin su tashi.

Ta dafa bangon da ke bayanta.

"Ga shi nan. Na kafin mu tashi ne."

Can nesa aka yi tsawa.

"Bai taɓa cewa ya fasa ba," in ji ta. "Har ranar da aka ɗauke shi daga ɗakin nan bai ce ya fasa ba."

Malam Rufa'i ya sauke butar daga wuta, ko da yake ba ta sake tafasa ba.

"Shekara nawa ina gabanki, Iya, ba ki taɓa faɗa mini haka ba."

"Ba ka taɓa maimaita maganarsa ba sai yau."

Junaid bai taɓa ganin fuskar mahaifinsa haka ba. Ya so ya tashi ya ba su wuri, amma ya ci gaba da zama.

Malam Rufa'i ya yi magana a hankali, amma da nauyi. Ya ce zaman da mahaifinsa ya yi shi suka ci, shi suka sha. Gidan nan, shagon nan, har keken da yaron ke hawa zuwa Farsha, duk daga zaman nan suka fito. Da ya wuce, wa ya san a wane rairayi za a binne su? Ai ba duk wanda ya wuce ne ya isa ba.

"Gaskiyarka," in ji Iya. "Hanatu ƙawata ta bi mutanen Katagum, ko Abeshe ba ta kai ba. Labarin rasuwarta ya dawo mana."

"To, kin gani."

"Na gani. Ni ban ce Malam ya yi laifi ba. Mutumin kirki ne, bai taɓa barina da yunwa ba. Abin da nake ce maka, in za ka ce wa yaron nan ya bari, ka buɗe baki ka ce ya bari. Kada ka ce masa damina ɗaya."

"Mene ne bambancin, Iya?"

"Da ubanka ya ce ya fasa, da ya huta. Kai yaro ne, ba ka lura ba. Kullum bayan la'asar sai ya ɗauki buzunsa ya zauna a ƙofar gida. Ka ɗauka iska yake sha? Masu wucewa gabas yake kallo. In baƙi suka sauka a unguwa, ranar ba ya cin tuwo."

Malam Rufa'i ya ce Makka daban, makaranta daban.

Ta ce ita ma ta san haka, kuma ba ta san komai ba a karatun siminti. Ta ƙara da cewa shi ma ai kowace shekara badi yake ce mata a kan kujerar jirgin hajji, ba ta taɓa riƙe shi ba, ta san shagon bai kai ba. Amma kalmar ta ishe ta a gidan nan.

Sai ta juyo.

"Maigida."

"Na'am."

"In ba za ka iya ba, ka ce ba za ka iya ba. Ka hau motar Alhaji da zuciya ɗaya, ni zan soya maka gyaɗar hanya. Fatauci ba abin kunya ba ne. Amma ka faɗa mini, kana son abin nan?"

Junaid ya sunkuyar da kai.

Abin da ya faɗo masa shi ne ranar da aka kai su gadar Shagwa suna aji ɗaya. Suka sauka ƙarƙashinta, manyan motoci na wucewa a sama, malamin ya sa kowa ya dafa ginshiƙi ya ji yadda nauyi ke sauka cikin ƙasa. Ranar bai iya cin abinci ba don murna. Ya dawo ya cika wa Iya kunne har ta kore shi da mafici.

"Ina so," in ji shi. "Shi ne dai ba ya sona."

"Ba shi na tambaya ba."

Iska ta taso, mai ƙanshin ƙasa. Ɓawon gyaɗa ya watse a tsakar gida.

Malam Rufa'i ya ga maganar na neman kuɓuce masa, sai ya juya ta. Ya ce ruwa zai sauko, Iya ta tashi ta koma ɗakin Maryamu, uwar su Junaid, don bangon nan ba abin yarda ba ne. Ya ce kuma wannan karon ba shawara yake yi ba, ranar Asabar magini zai zo, ko tana so ko ba ta so.

"A gina," in ji ta.

Suka dube ta su biyun.

"Na yarda. A sa simintin."

Shekara da shekaru ana roƙonta. Limamin unguwa ya zo, maƙwabta sun zo, ba ta ko ɗaga kai ba. Malam Rufa'i ya buɗe baki zai yi hamdala, ta ɗaga masa hannu.

"Amma ba maginin kasuwa ba. Maigida ne zai gina mini, ranar da ya karɓo takardarsa. Kafin nan ba mai taɓa ɗakin nan, ni kuma ba inda zan koma."

"Iya, bangon nan ba zai kai badi ba."

"To sai ya yi sauri."

Junaid ya ce, "Tsohuwa, ko na ci bana, da sauran shekaru a gaba fa."

"Na jira kakanka fiye da haka, shi da ko aji ɗaya bai ci ba."

Dariya ta kuɓuce masa, tare da wani abu mai zafi a ido. Ya goge da bayan hannu kafin a gani.

Ya tashi ya je ya tsaya gaban tsagar. Ya sa yatsa a ciki, ya bi ta da ido daga ƙasa har inda azara ta zauna. Ya daɗe a nan. Sannan ya dawo, bai koma gefen tabarma ba, ya durƙusa a gaban mahaifinsa.

"Baba, ka yi haƙuri. Ba zan hau motar ba."

Malam Rufa'i ya zuba masa ido.

"Zan koma aji biyu. Zan zauna a kujerar da yaron nan ya ba ni. Abin da ban gane ba zan tambaye su, ko sun yi dariya. Ban ce zan ci ba, Baba, ba zan yi maka ƙarya ba. Wataƙila bakwai ɗin zan sake kawowa."

"To don me?"

"In za a kore ni, su kore ni da bakinsu. In sun kore ni, wallahi washegari ina shagonka, kuma ba za ka taɓa ganina a ƙofar gida ina kallon hanyar Farsha ba."

Ɗigon farko ya faɗo kan gawayi, ya yi cuu.

Malam Rufa'i ya dubi ɗansa, ya dubi mahaifiyarsa. Ita ta riga ta jawo faifanta ta ci gaba da ɓara, kamar ba ita ba.

"Na ba Alhaji Abdussamad magana," in ji shi. "A gaban mutane na ba shi. Ya sallami wani yaro saboda kai."

"Na sani, Baba."

"Ba ka sani ba. Kai takarda kake nema, ni maganata ce takardata a kasuwar nan."

Junaid ya tsaya a durƙushe, kansa a ƙasa, amma bai janye ba.

Ruwa ya sauko da ƙarfi.

Maryamu ta fito a guje tana kwashe shanya. Malam Rufa'i ya miƙe ya naɗe tabarma. Iya ta ja jiki ta shige ɗakinta, ta tura randarta ta Gawi ƙarƙashin inda ya saba yoyo, ta zauna a kan gadonta, daidai gindin bangon da ya tsage.

Junaid ya ruga bayan madafa inda aka jingina tsofaffin azara. Ya jawo biyu, ya kafa gindinsu a ƙasa, ya sa guntun katako a jikin bangon don kada su huda shi.

Daga ciki Iya ta ce, "Na ce ba mai taɓa mini ɗaki."

"Ba gini nake ba, tokara ce. Wannan tun aji ɗaya muka yi shi, kuma shi na ci."

"Da nawa?"

"Sha ɗaya."

"Allah ya rufa asiri," in ji ta.

Yana dafe da azara da kafaɗa, ruwa na zuba a fuskarsa, ya hangi mahaifinsa ya fito daga ɗaki da lema a hannu. Bai dubi inda yake ba. Ya ratsa tsakar gida, ya tsaya a bakin zaure.

"Motar za ta tashi bayan asuba," in ji shi, ba tare da ya juyo ba. "Zan je gidan Alhaji."

Bai ce abin da zai je ya faɗa ba.

Junaid ya so ya tambaya. Ƙasa ta ɗan zubo daga tsagar ta sauka a wuyansa, ya ƙara danna azarar.

Daga inda yake yana hango cikin zauren. Kwanon rufin na yoyo a gefe guda, daidai inda ya jingina kekensa, ruwa na ɗiga a kan jakar littattafan.

Malam Rufa'i har ya kai ƙofar waje. Sai ya tsaya. Ya dawo baya, ya ajiye lemar, ya kwance jakar daga bayan keken. Ya goge ta da hannun rigarsa, gaba da baya. Ya ɗaga tamfol ɗin da ya rufe siminti, ya sa ta a ƙarƙashi, ya ja bakin tamfol ɗin ya danne da bulo.

Ya ɗauki lemarsa ya fita cikin ruwa.